Kwafin aikin tsofaffin gwanaye (zanen hoton mutum)

Kwafin aikin tsofaffin gwanaye hanya ce ta koyon zane da fenti, inda ɗalibi yake ɗaukar hoton da wani shahararren mai zane ya yi tun da daɗewa, ya sake zana shi da hannunsa daga farko har ƙarshe. Ana bin wannan hanya a kowane fanni na zane, amma ta fi ƙarfi a wajen masu koyon zanen hoton mutum, wato hoton da ke nuna fuska da kamannin wani takamaiman mutum. Abin da ake so ɗalibin ya samu shi ne sanin yadda aka yi aikin: me gwanin ya fara sawa a kan ƙyalle, me ya ɗora a kai, ina ya tsananta, ina kuma ya bari bai zana ba. Kamar da kwafin zai yi da hoton asali ita ce ke nuna ko ɗalibin ya gane waɗannan matakai.

A tarihin zane, "tsofaffin gwanaye" laƙabi ne na manyan masu zanen Turai da suka yi aiki kafin wajajen shekarar 1800, irin su Raphael, Titian, Hans Holbein, Diego Velázquez, Frans Hals da Rembrandt. Da yawa daga cikinsu su ma ta kwafi suka koya, wasu kuma ba su daina ba har bayan da suka yi suna.

Dalilin yin kwafi

Zana mutum yana zaune a gaban mai zane aiki ne da ke haɗa wahalhalu da yawa a lokaci guda. Wanda ake zanawa yana motsi, yana gajiya, yanayin fuskarsa yana sauyawa, kuma hasken taga na safe daban yake da na la'asar. Bayan haka, kan mutum abu ne mai tudu da kwari, ƙyallen zane kuwa shimfiɗaɗɗe ne, don haka dole mai zane ya san yadda zai nuna tudun hanci ko zurfin ido da launi kawai. A tsohon hoto an riga an warware duk wannan, kuma hoton ba ya motsi. Ɗalibi na iya komawa gare shi kwana talatin a jere ya tarar da shi yadda ya bar shi.

Abubuwa uku aka fi koya ta wannan hanya:

Awo. Idon mutum ya saba da fuska ƙwarai, shi ya sa ƙaramin kuskure a tazarar da ke tsakanin idanu, ko tsakanin hanci da leɓe, yake mai da hoton ya zama na wani mutum daban.

Haske da inuwa. Ɗan koyo yakan zana ido, hanci da baki kowanne shi kaɗai. Gwani kuwa yana fara raba kan gida biyu, ɓangaren da haske ya faɗa wa da ɓangaren da ke cikin inuwa, sannan ya sa sassan fuskar a ciki.

Launin fata da gefuna. Fatar mutum ba launi ɗaya ba ce: kunci, goshi da ƙasan haɓa kowanne da nasa. Haka ma iyakar fuska: a wani wuri tana fitowa fili, a wani wuri tana ɓacewa cikin duhun baya.

Tarihi

A shagunan zane

A Italiya ta ƙarni na 14 da na 15, ana koyon zane ne a shagon maigida, kamar sauran sana'o'in hannu. Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin koyar da sana'ar mai suna Il Libro dell'Arte a wajajen 1400, ya tsara wa yaron shago shekara ɗaya ta zane kawai, shekara shida ta koyon niƙa launi da shirya allo, sannan wasu shida na yin fenti. Ya ba da shawarar a riƙa kwafin aikin gwani mafi kyau da aka samu, kuma a tsaya a kan gwani ɗaya, domin mai bin wannan yau, wancan gobe, ba zai riƙe salon kowa ba. A ganinsa, wanda ya daɗe yana bin gwani ɗaya shi ne daga baya yake samun salon kansa.

Akwai shaidar yadda ake wannan aiki a gidan tarihi na Prado da ke Madrid, inda aka ajiye wani kwafin Mona Lisa. Binciken da aka bayyana sakamakonsa a 2012 ya nuna cewa gyare-gyaren da Leonardo da Vinci ya yi a zanen ƙasa na hotonsa suna nan a ƙarƙashin kwafin ma. Masana sun fahimci cewa wani daga cikin ɗalibansa ne ya yi shi a shagon, yana bin maigidan mataki-mataki yayin da ake zana na asali.

A Amsterdam ta ƙarni na 17, ɗaliban Rembrandt, irin su Govert Flinck da Ferdinand Bol, sun koyi salonsa sosai har rarrabe aikin maigida da na yaransa ya zama babban aiki ga masana. Hoton Mutumin da ke Sanye da Kwalkwalin Zinariya, wanda ke Berlin, an daɗe ana ɗaukarsa ɗaya daga cikin fitattun ayyukan Rembrandt, sai a 1985 aka sanar cewa wani na kusa da shi ne ya zana shi.

Kwafi bai tsaya ga yara ba. Lokacin da Peter Paul Rubens ya je Madrid a 1628 a kan aikin jakadanci, ya haura shekara 50 kuma ya shahara a faɗin Turai. Duk da haka ya shafe watanni yana kwafin hotunan Titian da ke fadar Sarki Philip na IV, ya kuma riƙe kwafe-kwafen a gidansa har rasuwarsa a 1640.

A gidajen tarihi

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, manyan hotuna suna fadoji, coci-coci da gidajen attajirai, sai mai hanya ke ganin su. Buɗe gidan tarihi na Louvre a Paris a 1793 ya sauya wannan. A farkon tsarinsa, ranakun da aka ware wa masu zane don su yi nazari da kwafi sun fi waɗanda aka ware wa sauran jama'a yawa. Edgar Degas ya yi rajistar kwafi a can a 1853. Ga mata kuwa, waɗanda babbar makarantar zane ta Paris ba ta fara karɓa ba sai a 1897, ɗakunan Louvre sun zama makaranta: Berthe Morisot da Mary Cassatt duk sun yi kwafi a wurin.

John Singer Sargent, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen hoton mutum na zamaninsa, ya je Prado a 1879 ya yi kwafin ayyukan Velázquez, sannan a 1880 ya tafi Haarlem a ƙasar Holan ya yi kwafin na Frans Hals. Duka biyun an san su da iya nuna hannu ko kwalar riga da 'yan shafe-shafen burushi kaɗan, kuma ana ganin wannan dabara a ayyukan Sargent na baya.

Wanda ba ya iya zuwa gidan tarihi yana amfani da bugaggun hotuna. Kwas ɗin zane na Charles Bargue, wanda aka buga a Paris tsakanin 1866 da 1871, yana ɗauke da zane-zanen gwanaye domin ɗalibai su kwafa. Vincent van Gogh, wanda mafi yawan koyonsa shi ya koya wa kansa, ya bi wannan kwas a 1880 da 1881, har da kwafin hoton wata yarinya da Holbein ya zana.

A wajen Turai

Al'adar ba ta Turai kaɗai ba ce. A ƙasar Sin, masanin zane Xie He na ƙarni na 6 ya lissafa ƙa'idoji shida na zane, ta shida ita ce isar da aikin magabata ta hanyar kwafi. Wasu tsofaffin ayyukan Sin ma ta kwafi kawai suka iso wannan zamani. A fadar sarakunan Mughal na Indiya, Abu'l Hasan ya kwafi wani bugaggen zanen Albrecht Dürer na Jamus a wajajen 1600, yana ɗan shekara 12 ko 13. Bayan fiye da shekara 50, Rembrandt ya kwafi hotunan sarakunan Mughal da fadawansu, har da na Shah Jahan, kuma fiye da 20 daga cikin waɗannan zane-zane suna nan har yau.

Misali: hoton Baldassare Castiglione

Ana iya ganin amfanin kwafi ta bin tarihin hoto guda. A wajajen 1514 zuwa 1515, Raphael ya zana abokinsa Baldassare Castiglione, marubuci kuma jakadan Urbino a Rum. Hoton fentin mai ne a kan ƙyalle, tsawonsa santimita 82, faɗinsa 67, kuma yana Louvre. Castiglione yana zaune, ya ɗan karkata jiki, yana kallon mai kallo kai tsaye. Kusan duk hoton baƙi ne, fari, ruwan toka da ruwan ƙasa, shi ya sa shuɗin idanunsa da ɗumin launin fuskarsa suke fitowa. Hannayensa a haɗe suke a can ƙasa, gefen hoton ya yanke su.

Rubens ya yi cikakken kwafin hoton da fenti, wanda yanzu yake gidan zane na Courtauld a Landan. Ya bi tsarin Raphael, amma hannayen sun fi fitowa a nasa, kuma tafiyar burushin irin tasa ce.

A watan Afrilu na 1639 aka yi gwanjon hoton a Amsterdam. Rembrandt ya zana shi a gurguje da alƙalami da tawada, ya rubuta a gefe cewa an sayar da shi gilda 3,500. Wannan takarda tana gidan tarihi na Albertina a Vienna. Zanen bai bi na asali sak ba, domin ya karkata hular, ya kuma sauya tsayuwar kan. Wanda ya sayi hoton, Alfonso Lopez, yana da wani hoton Titian na mutum mai babban hannun riga da ya jingina gwiwar hannu a kan dakali. A 1640 Rembrandt ya zana kansa yana ɗan shekara 34, sanye da tufafin ƙarnin da ya wuce, ya jingina hannu a kan dakali. Masana suna ganin tasirin hotunan biyu a wannan aiki, wanda ke gidan zane na ƙasa a Landan.

Daga baya hoton Castiglione ya koma hannun Kadinal Mazarin, sannan Sarki Louis na XIV na Faransa a 1661. A shekarun 1890 Henri Matisse, yana ɗalibin Gustave Moreau, shi ma ya kwafe shi a Louvre. Mutum uku ke nan suka tsaya a gaban hoto ɗaya a zamani daban-daban, kowanne ya ɗauki abin da yake bukata, kuma babu wanda aikinsa ya koma irin na Raphael.

Yadda ake yi

Makarantu sun bambanta, amma yawanci ana bin waɗannan matakai:

1. Zaɓen hoto. Ana so ɗan koyo ya fara da kai da kafaɗa kawai, a hoton da haske ke zuwa daga gefe ɗaya kuma launukansa ba su da yawa.

2. Bincike. Ɗalibi yana neman sanin a kan me aka yi hoton, allo ko ƙyalle, da irin launukan da ake da su a lokacin. Gidajen tarihi sukan wallafa hotunan eksire da ke nuna abin da ke ƙarƙashin fenti, har da wuraren da gwanin ya sauya shawara.

3. Shafen ƙasa. Yawancin tsofaffin gwanaye ba a kan fari fat suke aiki ba. Sukan fara shafe ƙyallen da ruwan toka ko ruwan ƙasa, kuma wannan launi yana leƙowa a wuraren inuwa. Wanda ya yi kwafi a kan farin ƙyalle ba zai samu irin wannan inuwa ba.

4. Zanen siffa. Ana zana kan da gawayi ko siririn fenti. Wasu suna raba hoton asali da ƙyallen zuwa murabba'ai daidai wa daida don sauƙin awo, wasu malamai kuma suna hana hakan domin ido ya saba da aunawa da kansa.

5. Hoton launi ɗaya. Ana gama haske da inuwa da launi guda, ruwan toka ko ruwan ƙasa, kafin a kawo sauran launuka. Masu zanen Italiya na zamanin Cennini kore suke sawa a ƙarƙashin fata, shi ya sa fuskokin wasu tsofaffin hotuna suka yi kore-kore bayan fentin sama ya sire.

6. Launi. Ana sa fenti mai kauri a inda haske yake, mai ruwa-ruwa a inda inuwa take. Ƙa'idar fentin mai ita ce kowane shafe na sama ya fi na ƙasa yawan mai. Idan aka saɓa, na sama zai riga na ƙasa bushewa, fentin ya tsattsage.

7. Kwatantawa. Ana ajiye kwafin kusa da na asali a kalle su daga nesa, ko ta madubi, domin kuskuren da ido ya saba da shi ya fito.

Waɗannan matakai ba su dace da kowane gwani ba. Hals, alal misali, yakan ɗora fenti a kan fenti tun bai bushe ba, don haka mai kwafinsa dole ya koyi sauri da tabbacin hannu.

Matsaloli

Hoton da ake gani a yau ba lallai ne ya kasance yadda ya fito daga shago ba. Man ƙyalli da ake shafawa a ƙarshe don kare fenti yana yin rawaya idan ya tsufa, wasu launuka suna koɗewa, wasu suna yin duhu, wasu wuraren kuma masu gyara ne suka cike su. Ɗalibin da bai san haka ba zai kwafi tsufan hoton yana zaton nufin mai zanen ne.

Kayan aiki ma sun sauya. Farin da tsofaffin gwanaye suka yi amfani da shi daga dalma ake yin sa, kuma guba ne. Farin titaniyam da ya maye gurbinsa a ƙarni na 20 ya fi shi rufe abin da ke ƙasa, don haka launin fata yakan fito kamar alli idan ba a kula ba. Shuɗi mafi tsada kuwa daga wani dutse ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a Badakhshan ta Afghanistan, har aka ƙirƙiro na masana'anta a shekarun 1820. Mai kwafi daga waya ko kwamfuta yana da ƙarin matsala: fuskar na'ura tana sauya launi, ba ta nuna kaurin fenti, ba ta kuma nuna ainihin girman hoton.

Kwafi da jabu

Abin da ya raba kwafin koyo da jabu shi ne yadda aka gabatar da shi. Giorgio Vasari ya ba da labarin cewa a wajajen 1525 mai mulkin Mantua ya roƙi Fafaroma Clement na VII ya ba shi hoton Fafaroma Leo na X da Raphael ya zana. Ottaviano de' Medici, wanda hoton ke hannunsa a Florence, ya sa Andrea del Sarto ya yi kwafi a ɓoye, aka aika da shi a matsayin na asali. A cewar Vasari, har Giulio Romano, ɗalibin Raphael, bai gane ba sai da aka nuna masa wata alama da aka yi wa kwafin. Na asali yana Florence a yau, kwafin kuma yana Naples.

Saboda irin wannan, gidajen tarihi suna da dokoki. A Louvre sai da izini ake kwafi da fenti, ana buga wa ƙyallen hatimi, dole girmansa ya bambanta da na asali, kuma ba a kwafin sa hannun mai zanen. Al'adar masu zane ita ce a rubuta cewa an yi aikin ne bisa hoton wane. Ta fuskar doka, ayyukan tsofaffin gwanaye sun fita daga haƙƙin mallaka, wanda a ƙasashe da yawa, har da Najeriya, yake ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar mai zanen. Sayar da kwafi da sunan na asali kuwa zamba ce.

Suka

Tun da daɗewa ake muhawara a kan iyakar amfanin kwafi. Joshua Reynolds, shugaban farko na Makarantar Zane ta Masarautar Ingila kuma fitaccen mai zanen hoton mutum, ya gargaɗi ɗalibai a laccarsa ta 1769 cewa kwafin hoto dukansa ba tare da zaɓi ba yana sa mutum ya ji yana aiki alhali tunaninsa na barci. Ya fi son ɗalibi ya kwafi sassan da suka fi kyau kawai, ko ya zana nasa hoton mai irin wannan jigo, ya ajiye shi kusa da na gwanin ya ga inda ya gaza.

Wani sukan shi ne cewa mai kwafi yana koyon amsar da wani ya riga ya samo, ba ya koyon fuskantar mutum mai rai. Haka kuma mafi yawan fuskokin da ke tsofaffin hotunan Turai na farar fata ne, don haka haɗin launin da aka koya daga gare su ba ya wadatar da mai zana baƙar fata. Hoton Juan de Pareja da Velázquez ya zana a Rum a 1650 yana cikin 'yan kaɗan da ɗalibai ke komawa gare su saboda wannan. Yawancin makarantun da ke koyar da kwafi a yau suna haɗa shi da zana mutum ido da ido.

A ƙarni na 20 wasu masu zane sun mai da kwafi hanyar ƙirƙirar sabon aiki. Francis Bacon ya yi hotuna da dama bisa hoton Fafaroma Innocent na X na Velázquez, mafi shahara shi ne na 1953, kuma daga bugaggun hotuna ya yi su.

A Najeriya

Aina Onabolu (1882–1963), ɗan Ijebu-Ode wanda ake ɗauka a matsayin majagaban zanen zamani a Najeriya, ya koya wa kansa zane ta kwafin hotunan da ke cikin littattafai da mujallun Turai. A 1906 ya zana hoton Uwargida Spencer Savage a Legas, tun kafin ya shiga wata makarantar zane. Sai a 1920 ya tafi karatu Landan da Paris, ya dawo a 1922 ya koyar da zane a makarantun Legas.

A 1958 wasu ɗaliban kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Sun ƙi yarda a tsaya ga misalan Turai kaɗai, suka nemi a haɗa dabarun da ake koya a aji da al'adun zane na gida.

A yau

Har yanzu Louvre, Prado da gidan tarihi na Metropolitan a New York suna ba masu kwafi izinin kafa ƙyallensu a gaban hotuna. Shirin na Metropolitan ya faro tun 1872. Gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam ya fara sakin hotunan kayansa masu inganci kyauta a intanet a 2012, Metropolitan ma ya yi haka a 2017. Wannan ya ba ɗalibai a ƙasashen da ba su da irin waɗannan hotuna damar faɗaɗa fuska a kwamfuta har su ga sawun burushi, ko da yake malamai suna ba da shawarar a nemi ganin hoton asali idan hali ya yi.